Gonar Wanda Ya Gudu Amana Ce: Ƙasa, Ciniki da Wahalar Mazauna Bakin Iyakar Gobir

 



Masu shirya wannan zama sun nemi in yi magana a kan ƙasa da ciniki a gabashin Sakkwato, wato ƙasar Sabon Birni da Isa, tun daga Unguwar Lalle da Tsamaye da Lajinge har Gatawa da Kurawa, har Turba da Bargaja da Tozai. Na san abin da ya fi damun kowa a nan shi ne rai: a kwana lafiya, a je gona a dawo. Amma akwai wata ɓarna da ke tafiya a ɓoye bayan wannan, wadda idan ba a tare ta yanzu ba za ta fi bindiga daɗewa a cikinmu. Gonaki suna fita daga hannun masu su, kuma suna fita ne da ciniki da shaidu da takarda da sa hannu. Maganata a yau guda ce: gonar wanda ya gudu, da gonar wanda ya sayar don ya fanshi kansa ko ɗansa, amana ce a wuyan al'umma, kuma wajibi ne mu shirya yadda za ta koma hannunsa tun kafin ƙura ta lafa.

Yadda aka zauni wannan ƙasa

Wannan yanki namu bakin iyaka ne tun kafin Turawa su ja layi. Gobirawa daga arewa suka gangaro, daga Azbin zuwa Birnin Lalle, har suka iso kwarin Gulbin Rima wanda a lokacin yake hannun Zamfarawa. Tarihin baka ya ce da izinin Sarkin Zamfara suka sauka, a gandun alƙalinsa, inda daga baya Alƙalawa ta tsaya. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alƙalawa ta zama babban birni, ta ga zamanin Bawa Jan Gwarzo, ta kuma faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello a 1808. Kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni har yau.

Bayan faɗuwar Alƙalawa wannan kwari ya zama filin da ba mai iya kwana da ido biyu rufe. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya rasu a fagen fama, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarƙashin Mayaƙi. Daga nan hari ya riƙa zuwa daga arewa, ramuwa ta riƙa zuwa daga kudu. Dajin Gundumi, wanda yau ma muke jin tsoronsa, matafiya na wancan zamani sun ji tsoronsa. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya ratsa shi a 1853, ayarinsu kwana da yini suka yi suna tafiya ba zango, don gudun mahara.

Maganin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wa wannan hali shi ne ribaɗi, wato a kafa gari mai ganuwa a bakin daji, a zaunar da mutane su yi noma su kuma yi tsaro. Shi da kansa ya zauna Wurno har ya rasu a can a 1837. Ya sa ɗansa Fodiyo a Lajinge, ya sa ɗansa Aliyu a Shinaka. Isa ma ta tsaya a hannun zuriyarsa. Ya kuma kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna wuri guda su yi gari. Daga baya, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, tsakanin 1859 da 1866, Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni.

Kada mu ƙawata wannan tarihi fiye da kima. Zaman ribaɗi zaman wahala ne. Mutum yana noma da kwari da baka a gefen kunya, mata ba sa nisa wajen itace, ana rufe ƙofa tun rana ba ta faɗi ba. Cikin waɗanda suka sare dajin akwai bayi da aka zaunar ba da son ransu ba. Amma akwai ƙa'ida ɗaya da ta riƙe tsarin: ana ba mutum ƙasa ne don ya zauna ya noma ta. Wanda ba zai zauna ba, ba a yanka masa fili ya ajiye yana jiran ta yi tsada. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda a kan wannan, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasar da ba ta da mai ita: raya ta da aiki, ko kasancewarta hurumin gari ko na rijiya, ko shugaba ya yanka masa, ko a keɓe ta don amfanin jama'a. Gumi shi ne tushen mallaka, kuma akwai wuraren da ba a ba kowa saboda na kowa ne.

A daidai shekarun da ake gina ganuwar Sabon Birni, Amurka ta yi doka a 1862 cewa duk wanda ya zauna shekara 5 a fili a yammacin ƙasar yana noma shi, za a mallaka masa eka 160. Ƙasar ma ta 'yan asalin wurin ce aka ƙwace. Duk da haka ƙaramin manomi bai tsira ba, domin masu kuɗi sun riƙa sa mutanen haya su karɓi fili da sunansu, su kuma jira fari ko bashi ya karya manomi su saye gonarsa da arha. Duk inda aka buɗe bakin iyaka mutum biyu ne ke zuwa: mai fartanya da mai jiran mai fartanya ya gaji.

Layin Turawa da dokokin ƙasa

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Su da Faransa suka yi ta zana iyaka suna gogewa, a 1898 da 1904 da 1906, kafin a kafa alamu a ƙasa tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba Gobir gida biyu: Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. Gulbin Maraɗi bai san da wannan layi ba. Yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya komo ya haɗu da Rima a ƙasarmu. Aure da zumunci da fatauci ma hanyarsa suka ci gaba da bi.

Da hare-hare suka tsaya, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka bazu a daji suna kafa tungaye da unguwanni da gidaje. Wasu daga ɓangaren Faransa suka ƙetaro, suna gudun aikin tilas da nauyin haraji. Baƙo ya zo wurin maigari da goro, a nuna masa inda zai sare, ya haƙa rijiya, ya kafa bukka. Yawancin ƙauyukan da yau suka zama kufai haka aka kafa su. Sun sha yunwar 1914, sun sha farin 1973 da na 1984, sun biya haraji da jangali da kuɗin da sai an je ci-rani ake samo shi. A ranin 1952 zuwa 1953 wani mai bincike, Mansell Prothero, ya sa an ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato, aka sami fiye da mutum 250,000. Sun tafi, amma da damina ta faɗi sun dawo sun tarar da gonakinsu, saboda kowa ya san gonar wane ce.

Ta fuskar doka, tun sanarwar 1910 aka ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna yana riƙe wa 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta bi sawunta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya baki ɗaya: ƙasa tana hannun gwamnan jiha bisa amana, ƙaramar hukuma kuma tana iya ba mutum guda har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo. Ku dubi wannan adadi ku dubi gonar talaka. Dokar da aka ce an yi don kare shi ita ce ta buɗe ƙofar da mai hanya zai shiga ofis ya fito da takardar daji guda, alhali manomin da kakansa ya sare wurin ba shi da shaida sai maƙwabtansa da itacen da ke kan iyaka.

Makiyayi ma haka ta same shi. Dokar makiyayu ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi a keɓe wuraren kiwo, amma kaɗan ne aka tabbatar da su a hukumance. Burtali ya yi ta tsukewa, mashaya ta koma lambu, manya suka yanki dazuzzuka. Har ta kai a 2019 gwamnatin Zamfara, maƙwabciyarmu, ta sanar da soke rabon gonakin da aka yi a cikin wuraren kiwo. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah, kuma babu abin da zai zama uzurinsa. Na kawo shi ne don mu tuna cewa zaluncin ƙasa yana haihuwa, kuma 'ya'yansa ba sa tsayawa kan wanda ya fara shi.

Mun kuma ga Bakolori. An gama madatsar a 1978 kusa da Talata Mafara. Aka karɓi gonaki don a daidaita su, manoma suka yi shekaru ba shuka, diyya ta yi jinkiri, wasu suka sayar da rabonsu ga 'yan kasuwa da ma'aikata don su ci abinci. Da suka tare hanya suna neman haƙƙinsu, a watan Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Darasin Bakolori shi ne manomin da aka raba da shukarsa na 'yan shekaru kaɗan, ko ba a ƙwace gonarsa ba, yunwa za ta sa ya sayar.

Abin da ke faruwa a gabanmu

Ba sai na tuna muku da yawa ba. A watan Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a rana guda a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan Oktoban 2021 an auka wa kasuwar Unguwar Lalle ana tsakar ciniki, aka kashe kimanin mutum 20, aka ƙona motoci. Cikin watan na Oktoba kuma aka auka wa kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da 40. A watan Disamba na shekarar aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Tun 2019 dubun dubatar mutanenmu suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, wasu a Gidan Rumji, wasu a matsugunan da aka buɗe a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Wasu suna Sabon Birni da Isa da Sakkwato, a makarantu da kangaye da zaurukan dangi.

Yanzu ku biyo ni mu shiga zaure guda, irin wanda kowa a nan ya taɓa zama a cikinsa ko ya ji labarinsa. An ɗauke wa mutum mata da yara biyu. An kira an yanka kuɗi, an ba shi kwana bakwai, an ce a haɗa da babur da katin waya. Ya sayar da shanun huɗa, ya sayar da awakin da suka rage, an yi karo-karo a masallaci, ba ta kai ba. Sai a ce masa akwai wani Alhaji da ke sayen gona. Dillali ya zo bayan la'asar, ya zauna kan tabarma, ya jajanta, sannan ya ce, "Baba, ka san halin da ake ciki. Wurin nan yanzu ba mai zuwa. Alhaji taimako ne kawai zai yi." Fadama ce da ke ba da albasa da tafarnuwa da alkama da rani, shinkafa da damina, wadda uban mai ita ya shayar da jigo kafin a san injin ban-ruwa. A ce a zaman lafiya za ta yi naira miliyan 3, a ba shi miliyan 1, a cire la'ada. An rubuta takarda a fallen littafin makaranta, shaidu biyu sun sa hannu, mai gona ya dangwala yatsa. Bai ma karanta ba, hankalinsa na daji. Idan Allah ya sa iyalinsa sun dawo, ya dawo da su gidan da babu abin da zai ci da su, shekara mai zuwa kuma zai yi ƙwadago a gonar da aka haife shi a cikinta.

Wannan hanya ɗaya ce. Ta biyu ita ce bashi. Manomin da aka hana shi shuka, ko aka sa wa ƙauyensu harajin da sai an biya a girbe, yana karɓar falle: dami ɗaya da bazara, biyu da kaka. Kaka ta zo babu amfani, bashi ya hau bashi, sai a koma jingina. Mai kuɗi ya riƙe gona yana ci, shekara ta bi shekara, shaidu su mutu ko su watse, jingina ta rikiɗe ta zama saye ba tare da an sake zama ba.

Ta uku tana cikin gari. Da mutanen ƙauye suka kwararo, haya ta tashi, gonakin bakin gari aka yanka su fuloti-fuloti. Wanda ya sayar da gonar hekta biyu a ƙauye, kuɗin ba su saya masa fegin ɗaki biyu a gari. Akwai kuma dillalan da ke sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, suna zaɓen baƙon da bai san kowa ba, da gwauruwar da ba ta da mai tsaya mata.

Ta huɗu ba ta ma buƙatar kuɗi. Ƙauye ya watse, maƙwabci ya ci iyaka, ko wani mai ƙarfi ya sa a nome masa, ko wani ya kai takarda ofis a ce fili ne da ba kowa. Makiyayin da aka kore wa shanu ya gudu, shi ma mashekarinsa da burtalinsa haka ake cinye su.

Ina so 'yan kasuwarmu su fahimce ni. Fatauci gadonmu ne, Gobirawa sun kai shi har Ilori da Ibadan da Kumasi. Direban da ke shigo da hatsi ta hanyar da kowa ke tsoro, da mai shagon da ke ba 'yan gudun hijira bashi ba ruwa, da attajirin da ya biya fansar maƙwabci bai nemi komai ba, su ne suka riƙe mu lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwanni a 2021, da rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wanda nake magana a kansa shi ne mai lissafin cewa yau gona ta faɗi, gobe za a yi zaman lafiya ta tashi, don haka bari ya tara tun masu ita suna kuka. Irin wannan mutum, ko bai taɓa ganin ɗan bindiga ba, ribarsa daga aikin ɗan bindiga take fitowa.

Abin da shari'a ta ce

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan mas'ala a buɗe ba. Sun yi magana a kan cinikin wanda aka matsa, wato mutumin da azzalumi ya ɗora wa kuɗi ba bisa haƙƙi ba, har ya sayar da dukiyarsa don ya biya. Maganar da ta fi shahara a mazhaba, wadda Muhtasar na Shehu Halilu ya tafi a kanta, ita ce wannan ciniki bai lazimci mai sayarwa ba, yana da damar a mayar masa da kayansa. Wasu manyan malamai kuma suka ce a zartar da cinikin, saboda idan kowa ya san za a warware, babu mai saye, kuma wanda ke tsare zai halaka. Duka ɓangarorin biyu wanda aka zalunta suke dubawa: ɗaya yana tsare masa dukiya, ɗaya yana tsare masa rai. Babu wanda a cikinsu ya ce halin da yake ciki dama ce ta a karya masa farashi.

Sai maganar hauzi, wadda nake roƙon alƙalai da sarakuna su riƙe ta da kyau. A kotunanmu an san cewa wanda ya riƙe fili shekara 10 yana aiki a cikinsa, mai shi yana nan yana gani ya yi shiru ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba, to da'awarsa ta faɗi. Gudun hijirar mutanenmu ya yi ƙarfi tun 2019, don haka shekara goman ba ta da nisa. Za a sami waɗanda za su zo kotu da wannan hujja. Amma sharuɗɗan a fili suke: sai mai fili yana nan, yana gani, kuma babu abin da ya hana shi. Wanda ke Gidan Rumji ba ya nan. Wanda ke tsoron a yanka shi yana da hanzari. Hauzi ba ya cin wanda tsoro ya kora.

A wata ƙasa an mayar da irin wannan hukunci dokar gwamnati. Kolombiya, a Kudancin Amurka, ta yi shekaru da dama tana yaƙin cikin gida, miliyoyin manoma suka bar gonakinsu. A 2011 suka yi doka mai lamba 1448, wadda ta waiwayi ƙwacen ƙasa tun daga 1991. Dokar ta ce cinikin da aka yi a yankin da ake zubar da jini, ko aka saya ƙasa da rabin kimar wurin, za a ɗauka ba da yardar mai shi aka yi ba, sai mai saye ya kawo hujjar cewa ya bincika kuma ya yi gaskiya. Aikin yana tafiya a hankali, an ma kashe wasu masu neman gonakinsu, amma dubban iyalai sun koma. Kusa da mu kuma, Nijar tun 1993 take da dokar karkara da ta kafa kwamitocin ƙasa har a matakin ƙauye, inda maigari da wakilan manoma da makiyaya da mata ke zama, ana rubuta saye da aro da jingina, ana shata burtali. 'Yan'uwanmu na Tsibiri da Madarumfa sun san wannan tsari, ba sai mun je nesa koyo ba.

Abin da ya kamata mu yi

Na farko, a rubuta. Kowane maigari da limaminsa da dattawa, ko suna zaune a gudun hijira, su zauna su rubuta gonakin ƙauyensu: ta wane ce, wa ke gabas da ita, wa ke yamma, gado ce ko saye ko aro ko jingina. A sa rabon mata da marayu da sunayensu, kada a ɓoye su a ƙarƙashin sunan wa ko kawu. A sa burtali da mashaya da makiyaya da maƙabarta. A yi kwafi uku, ɗaya wurin uban ƙasa, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a kotu. Ɗalibanmu da ke nan, wannan aikinku ne, kuna da biro kuna da waya. Tsofaffin da suka san iyakoki suna ƙarewa a gudun hijira, kowane ɗaya ya rasu ya tafi da shaidar gonaki masu yawa.

Na biyu, iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku imani, kada hatiminku ya hau takardar sayar da gona a ƙauyen da ya watse. Wanda larura ta kama, a rubuta masa jingina mai wa'adi, a kuma riƙa cire kimar abin da mai kuɗi ya girba daga cikin bashin, don a tsira daga riba.

Na uku, cinikin da aka riga aka yi don biyan fansa ko harajin 'yan bindiga, a ba mai gona ko magadansa damar fansarta da kuɗin da aka ba shi, cikin shekarun da za a yanka bayan an koma gida. Mai saye ya karɓi kuɗinsa, bai yi asara ba, ya kuma sami ladan ceton rai. Muna kira ga wakilanmu a Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato su mayar da wannan doka, su kuma rubuta a fili cewa shekarun gudun hijira ba sa shiga lissafin hauzi.

Na huɗu, ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su dakatar da ba da manyan filaye a duk inda mutane suka tashi, har sai sun dawo an ji ta bakinsu. Filayen bakin gari kuma a yi musu rajista, a san dillalan da ke aiki, a hukunta mai sayar da fuloti sau biyu.

Na biyar, masu hali daga cikinmu, na gida da na Sakkwato da Kano da Abuja da Legas, a kafa asusun bashi marar ruwa, a sa zakka da wakafi a ciki, domin wanda ya dawo ya sami iri da taki da shanun huɗa ba tare da ya jinginar da gonarsa ba. Komawa gida da hannu wofi ita ce ke sa a sayar da abin da aka tsira da shi.

Na shida, duk zaman da za a yi a kan ƙasa a kira makiyaya na gari waɗanda su ma aka kora. Idan aka mayar wa manomi gonarsa aka bar burtali a toshe, an gyara rabi an bar rabi.

Jama'a, tsaro haƙƙi ne a kan gwamnati, kuma ba za mu daina nemansa ba. Amma rubuta gonaki, da ƙin sa hannu a cinikin zalunci, da mayar wa maraya fadamar ubansa, ba sa jiran soja. Yaron da ya girma a sansanin gudun hijira, ya dawo ya tarar wani yana noma gonar gidansu da takarda a hannu, ba zai manta ba, kuma masu neman yaran da za su ba bindiga sun san inda irinsa suke. Wanda yake da irin wannan gona a hannunsa a cikinmu, ina roƙonsa don Allah ya nemi mai ita tun yanzu su daidaita, tun ba a kai ga kotu ba, tun ba a kai ga ranar da ba dillali ba shaidar zur.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.